Taragu Goma Sha Biyu a Kan Teburina

Teburin cin abincin nan shi ne abu na farko da na saya sabo fil a Amurka. Sauran kayan gidanmu na Park Hill, tun daga kujeru har gadon da muke kwana a kai, duk sai da wani ya more su kafin su iso hannunmu. Tebur ne mai kujera shida, katakonsa ja-ja. Nakan goge shi da mai duk ranar Asabar, ba na kuma yarda ko maigidana ya ɗora masa kofin shayi ba tare da ya sa wani abu a ƙarƙashi ba. Mahaifina ya ƙwace shi a yini ɗaya, ko izini bai nema ba, ya riƙe shi shekara ɗaya da rabi.

Baba ya zo wurinmu ne a farkon sanyi, wata takwas bayan rasuwar Mama. Ni na matsa aka kawo shi. Ƙanena da ke Kaduna ya gaya mini a waya cewa ya je gidanmu na Kafanchan ya tarar da shi yana zuba gishiri a shayi, wai sukari ne, yatsun ƙafarsa kuma duk ciwo saboda tuntuɓe. Ni nas ce, ban buƙaci dogon bayani ba. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. Likitan da na kai shi wurinsa a Manhattan ya duba, ya ce aikin ba zai kai awa ɗaya ba, ya ba mu rana, mako biyu bayan Ista. Baba ya gode masa da kyau, har da sunkuyar da kai. Muna fitowa bakin titi ya ce mini ba wanda zai sa masa wuƙa a ido.

Yana da dalilinsa. Wani abokin aikinsa na reluwe ya taɓa zuwa aikin ido da ƙafarsa, aka komo da shi ana riƙe da hannunsa, bai sake ganin rana ba har ya mutu. Na yi bayani har bakina ya gaji, na ce wancan zamani daban, wannan daban. Baba ya ce ido ba ƙafar jirgi ba ne da za a cire a sa wata. Ɗan ganin da ya rage masa, in ji shi, ya ishe shi ya gane ƙofar gidansa da itacen mangwaronsa, kuma can yake so ya ƙarasa da shi. Ni kuwa na san in ya koma, cikin shekara ɗaya ko ƙofar ba zai gane ba, kuma ba kowa a gidan sai shi.

Haka muka shiga sanyi. Da safe in zan fita in kama bas zuwa feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da ni wurin aiki a Manhattan, sai in bar shi zaune a bakin taga sanye da kwat, yana kallon filin ajiye motocin da ba ya gani sosai. In na dawo in same shi a wurin. Gaisuwarsa ta koma tambaya ɗaya, ina aka kwana a maganar tikitinsa na komawa gida.

Maigidana direban bas ne, mutumin kirki, sai dai kirkinsa yawanci a kaina yake ƙarewa. Wata Asabar ya je gwanjon da wata majami'a ta yi a ɗakinta na ƙasa, da niyyar nemo wa Baba rigar sanyi, ya dawo rungume da wani tsohon kwali. A cikinsa akwai ƙananan kwalaye goma sha biyu, 'yan Ingila, sun girme ni, hotunan jikinsu duk sun koɗe. Taragun jirgin ƙasa ne na wasa, irin waɗanda mutum yake haɗawa da kansa. Kowane kwali cike yake da gutsattsarin roba maƙale a jikin wani sanda kamar ƙayar kifi, da takardar da ke nuna inda kowane gutsure zai shiga. In an gama haɗawa, tarago ɗaya bai wuce tsawon yatsana ba. Akwai kuma 'yan guntayen layin dogo a ƙasan kwalin. Rigar sanyi dai bai sayo ba.

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana aikin duba taragu a yadin reluwe. Shi ne mutumin da kan bi jirgi tarago-tarago da doguwar guduma, ya buga ƙafa ya saurari ƙarar, ya taɓa birki, ya ja ƙugiyar da ke haɗa wannan da wancan. Wanda yake lafiya ya maƙala masa farin kati. Wanda ya samu da cuta ya maƙala masa ja, a cire shi a kai wani layi na gefe da suke kira layin marasa lafiya. Tun muna yara mun haddace dokokinsa biyu: wanda ya yi gyara ba shi ke duba aikin kansa ba, kuma in mai dubawa ya sa jan kati, ko manaja ba shi da ikon cirewa. Labarin ranar da ya tsayar da jirgi awa huɗu a kan tarago ɗaya, wani babba daga hedkwata yana ta kumfar baki, na ji shi ya fi sau ɗari.

To, wannan mutum aka miƙa wa kwalin. Ya buɗe na farko, ya bi gutsattsarin da yatsunsa, bai ko kalli hoton ba ya ce wannan na ɗaukar shanu ne. Ya buɗe na biyu ya ce na kwal. Na uku tankin mai. Ya yi ƙorafi cewa waɗannan ƙafa huɗu gare su, namu na gida kuwa takwas, amma ya ce ba laifi, aikin dai ɗaya ne. Ranar ya ci abinci sosai, bai kuma tambayi tikiti ba. Na yi murna, har na gode wa maigidana a gaban Baba. Murnar ba ta cika mako ba.

Ran Litinin na dawo daga aiki na tarar an shimfiɗa wa teburina jarida. An ɗauko fitilar gefen gadonmu an kafa a tsakiya. Ƙananan kwanukan da nake zuba wa baƙi gyaɗa an jera su, kowanne da irin gutsuren da ke cikinsa. Na ga ɗan hantsakin da nake cire gashin gira, na ga abin goge farcena, na ga sabuwar rezar maigidana, na ga wani gilashin ƙara girma da ban san daga ina ya fito ba. Na ce Baba, a ina za mu ci abinci? Ya ce shi a cinya ya ci abinci duk rayuwarsa, bai ga abin da ya rage shi da shi ba.

Ba wasa ya ɗauki abin ba, aiki ya kama. Ƙarfe bakwai da rabi ya zauna, sanye da tsohuwar rigar kakinsa, wadda ban ma san ya zo da ita ba. Sha biyu ya tashi hutu, ɗaya saura ya koma, uku da rabi ya rufe komai da tawul ɗina mai kyau. Tsakanin waɗannan lokuta ba a yi masa magana. Ranakun da nake hutu nakan yi ta sanɗa a gidana, in na ajiye cokali da ƙarfi sai in ji gyaran murya. Takardar bayani ba ya iya karanta ta, don haka maigidana ne ke karanta masa in ya dawo, shi kuma ya riƙe a ka, washegari ya yi aikin da hannu, hancinsa kusan yana taɓa robar. Ga warin gam da na fenti, ga tagogi a rufe saboda sanyi. In na buɗe taga ya ce iska za ta kwashe masa kaya. Miyar kukar da na yi a makonnin nan har ita sai da ta ɗauki warin gam.

Sai aka kafa mini dokar shara. Wani birki, ɗan siriri kamar tsinken ashana, ya faɗi a kafet, Baba ya hana a share falo har sai an gan shi. Kwana uku ina kallon ƙura tana taruwa. A na huɗu, da ya shiga wanka, na yi maza na kunna injin share kafet na zagaye falon. Ya fito da sabulu a kunne. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya sa na zazzage jakar injin a kai, ya zauna a kujera yana jira. Na durƙusa, ni da nake da 'ya a jami'a, ina tona ƙurar wata guda da tsinke. Na samu birkin, na samu ɗan kunnena da ya ɓace tun bara. Baba ya karɓi nasa ya hure, ya ce da ma ya san yana nan.

Ranar da zumuntar mata ta majami'armu ta faɗo a gidana na roƙe shi ya ba mu teburin na awa uku kacal. Ya ce fenti bai bushe ba. Mata goma sha ɗaya suka ci shinkafa da miyar gyaɗa a cinya, wata ta ɓarar a kafet, shi kuwa yana zaune a gaban tebur mai kujera shida shi kaɗai. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, kafin a tashi duk sun zagaye shi, yana nuna musu yadda ake buɗe ƙofar taragon shanu, suna ta cewa ai na yi sa'ar uba.

Bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki, ya gama na huɗu, muna cin tuwo a cinya kamar kullum, sai ya ajiye lomarsa ya kira ni. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, na yi lissafi. Kafin Ista zan gama jirgin nan. Ranar da na gama, ki sa ni a jirgin sama in tafi gida."

Na ce likita fa? Ya ce ya riga ya gama magana da likita, ai ya gode masa.

Daga ranar na rasa abin da nake so. Teburina nake so, har mafarkinsa nake yi a share, ana ƙyalli. Amma kowane tarago da ya gama, tafiyarsa ce take matsowa. In na dawo daga aiki na ga sabo a kan layi sai gabana ya faɗi, in na ga bai ci gaba ba kuma sai warin gam ya ishe ni. Haushin duka biyun a kan maigidana nake saukewa, tunda shi ya kawo kwalin. Shi ma ba ya taimakon kansa. Na ce masa ya riƙa jinkirta karatun takardar, ya ce ba zai iya yi wa Baba haka ba, kuma ma yana so ya ga yadda taragon gadi, na can ƙarshen jirgi, zai fito.

Da aka kai na takwas sai na yanke shawarar yin dabara. Na tambayi wani abokin aikina, ya kwatanta mini wani kanti a Manhattan da ke sayar da irin waɗannan kaya. Na tashi daga aiki na je. Ɗan kanti ne matsattse, ana sauka matakala kafin a shiga, mai shi wani tsohon Bature ne da ba ya sauri a komai. Na ce ina son taragu na haɗawa. Ya fara jero tambayoyi, wane girma, na wace ƙasa, na wane zamani, wace irin ƙugiya. Na nuna masa tsawon yatsana na ce kamar haka. Ya buɗe baki zai ƙara wata tambayar, na ce feri zai tafi ya bar ni, ya ba ni huɗu ko waɗanne iri ne. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ba ni.

A cikin feri na yage ledar da aka naɗe su da ita. Da na iso gida na shige kicin, na murje gefen kwalayen, na shafa musu jiƙaƙƙen ganyen shayi don su yi kamar sun tsufa, na shanya su a bayan firji. Da Baba ya shiga ɗaki bayan ya tashi aiki, na cusa su a ƙasan babban kwalin, na rufe da jarida. Taragu huɗu, a saurinsa, wata guda ke nan da ɗoriya. Ranar likita za ta zo ta same shi yana tsakiyar aiki, ni kuma in san yadda zan lallaɓa shi. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Washegari ina hutu. Wajen ƙarfe tara ya karya dokar kansa, ya yi magana a lokacin aiki. Na fito na same shi da kwalayena huɗu a jere, ɗaya a buɗe. Na yi sauri na ce lallai ashe akwai saura a ƙasa, ba mu lura ba.

"Uwata, shekara talatin ina ƙirga taragu a yadi kafin in karya kumallo. Goma sha biyu suka shigo gidan nan. Waɗannan ƙafa takwas gare su, ƙugiyarsu ba za ta kama ta waɗancan ba, ba jirgi ɗaya ba ne. Kuma kwalin ƙanshin shayi yake yi."

Na tsaya kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Bai tambaye ni dalili ba, ya sani. Ya ma ce ya gode, waɗannan sun fi kama da namu na gida, zai tafi da su Kafanchan ya haɗa a can a natse. Ya ɗaure su da igiya ya kai ɗakinsa ya sa a akwati. Wato na hau feri, na sauka matakala, na ɓata ganyen shayi, duk don in yi masa guzurin tafiya. Da na gaya wa maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, kwana biyu ban yi masa magana ba.

Akwai abin da ni da maigidana muka gani tun da daɗewa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai. Kusan kowane tarago yana zuwa da 'yan lambobi da rubutu a wata siririyar takarda, a jiƙa ta a ruwa, a zame rubutun a jikin taragon. Na Baba yawanci a kife suke. Fentin ma ya haye inda bai kamata ba, tagogin taragon gadi kuwa gam ya dusashe su. Amma ta ina zan fara? Ba a tashe ni in dubi mahaifina in ce aikinsa bai yi ba, balle aikin da ya sa ya koma cin abinci. In ya ɗaga sabo ya nuna mini, sai in ce ya yi kyau, Baba, in wuce kicin.

Ya gama na goma sha biyu ran Juma'a, saura kwana tara Ista. Ran Asabar da hantsi ya sa rigar kakinsa, ya jera su a kan layi daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ya kira mu. A gabansa akwai 'yan katuna da ya yanka daga kwalin sabulu, kowanne kamar farce, farare a gefe ɗaya, jajaye a ɗaya gefen. Ina ganin jan na gane jan farcena ne, wanda na yi mako biyu ina nema. Ya ce jirgi ba ya fita sai an duba shi, shi kuma ba zai duba aikin kansa ba. Maigidana ma ba zai duba ba, tunda shi ya karanta takarda, hannunsa na ciki.

"Ke kaɗai ce ba ki taɓa sa hannu ba, sai baki. Zauna."

Ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Na zauna a teburina, karo na farko cikin wata biyar. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in ƙirƙiro wata cuta in laƙaba wa biyu ko uku, in samu mako biyu. Sai na tuna ganyen shayi. Na ɗauki na farko, na shanu, na tura shi a kan layi da yatsa. Ya tafi sumul, ba ƙara, ba girgiza. Na ja ƙugiya, ta kama. Ƙofa ta buɗe ta rufe. Duk abin da hannu ke iya yi, Baba ya yi shi babu makusa. Na juya gefensa, ga lamba nan ƙafafunta a sama. Ba na buƙatar ƙarya ko kaɗan, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ina iya sa farin kati in tashi, ya ji daɗi, ya tafi gida da jirginsa. Na daɗe riƙe da taragon har maigidana ya fara gyara tsayuwa. Sai na ɗauki ja na jingina a jikinsa.

Baba ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa katin. Ya ce mai dubawa yana faɗin dalili.

"Lambar a kife take, Baba."

Ya ɗauki taragon ya je bakin taga. Ya ɗaga shi sama, ya kawo shi kusa, ya nisanta shi, ya karɓi gilashin ya sake dubawa. Can ya juyo wajen maigidana.

"Ɗana, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Tun yaushe ka gani?"

Maigidana ya kalli kafet ya ce tun kafin Kirsimeti. Na zaci Baba zai yi fushi da ni da na faɗa. Ashe fushinsa na shirun da muka yi ne. Ya ce wato wata huɗu muna kallonsa yana fitar da aikin banza muna ce masa ya yi kyau, kamar wani yaro da ya zana gida a ƙasa. Ya ce a yadi wanda ya ga cuta ya yi shiru ya fi wanda ya yi cutar laifi. Ya dawo ya zauna, ya ce in ci gaba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin dalili da baki kamar yadda ya ce. Lamba a kife. Rubutu a karkace, rabinsa ya naɗe. Fentin jiki ya haye ƙafa. Taga ba a ganin ciki. Tun daga na biyar hawaye ke zubo mini, ina sharewa da bayan hannu don kada ya ɗiga wa fenti in jawo wata maganar. Biyu kawai suka samu fari, su ma don ba su da rubutu ne. Baba ya sa hannu ya ture goman nan gefe ɗaya a hankali, zuwa ƙarshen teburin.

"In taragu goma suka fito daga hannun mutum ɗaya da cuta iri ɗaya," ya ce, "ba taragun ake tsarewa ba. Akwai sauran jan kati?"

Na ce saura biyu. Ya miƙo hannu na sa masa ɗaya a tafi. Ya zura shi a aljihun rigar kakinsa, ya maɓalle, sannan ya tambaye ni wace rana ce likitan nan ya ce.

An yi idon dama a ranar da aka sa, na hagu bayan 'yan makonni. Ranar farko sai da na riƙe hannunsa har ƙofar ɗakin aiki, yana ta karanta addu'ar da Mama kan yi. Washegari muka koma aka cire masa bandeji. A hanyar dawowa, cikin feri, bai zauna ba. Ya tsaya a jikin gilashi da baƙin tabarau yana karanta duk rubutun da ya gani da ƙarfi, har na gargaɗin sa rigar ceto in jirgi zai nutse, mutane suna waiwayenmu.

Na ɗauka tunda ido ya buɗe, za a ɗan gyara lambobi a ba ni teburina. Muna shiga gida ya wuce kai tsaye wurin taragun, ya cire tabarau, ya ɗauki ɗaya. Ya yi tsaki. Ya ɗauki biyun da na ba farin kati, ya ce waɗannan ma da shi ne mai dubawa ba za su fita ba, na yi musu sassauci. Dukansu za a kankare fenti a sake daga farko, sannan a ciro huɗun nan daga akwati. Ya ƙara da cewa saman firjina akwai ƙura, labulen falo kuma ba kalar da ya zata ba ne, da ya sani da ya yi magana tun tuni. A haka tebur ya ƙara shekara guda a hannunsa, ya kuma dawo mini da shi da zanen reza da ɗigon gam da har yau ba su fita ba.

Ina tsaye a ranar, jakata ko ajiye ta ban yi ba, na cika na batse, ina shirin faɗin abin da na riƙe wata biyar. Sai na ga ya daina maganar labule. Ya ajiye taragon ya matso kusa da ni, yana kallona da idon nan ɗaya da ke ta ƙyalli, kamar yadda yake kallon ƙafar jirgi. Ya ɗaga hannu ya taɓa gefen kaina, inda ɗankwali ya zame.

"Uwata, yaushe kika yi furfura haka?"

Shekara bakwai ke nan da ta fara fito mini, ya kuma zauna da ni wata shida a gida ɗaya. Na ce masa tun ranar da ya ƙwace mini tebur, na shige kicin na ɗauko kwanuka, muka ci abinci a cinya.